Steve Albini da haƙƙin mai waƙa

Jama'a ni a ganina duk wanda ke zama gaban na'ura a sutudiyo ya kamata ya san labarin Steve Albini, injiniyan sautin nan na Chicago da ya mutu a watan Mayun 2024 yana da shekara 61. Ko baka jin kiɗan rock wallahi akwai abin dubawa a yadda ya riƙe sana'arsa.

A ƙarshen 1992 ƙungiyar mawaƙan rock ta Nirvana na kan ganiyarsu, duniya na ta rububinsu, sai suka nemi ya ɗaukar musu faifan In Utero. Yadda aka saba a Amurka furodusa yana yankar kaso a duk kwafin da aka sayar, yana kwance kuɗi na shigowa shekara da shekaru. Shi kuwa ya rubuta musu wasiƙa yace a biya shi kamar yadda ake biyan mai gyaran famfo, ya gama aiki a sallame shi. Dala 100,000 ya karɓa shikenan, alhali shi da kansa ya lissafa kason zai kai wajen dala 400,000, yace in ya ci wannan kuɗin ba zai iya barci ba. Waƙa ta wanda ya ƙirƙire ta ce, shi aikinsa kawai ɗauka, kuma ni nan ne nake tare da shi ɗari bisa ɗari domin mawaƙa nawa aka tatsa suka tsufa ba ko sisi!

A 1993 cikin sati biyu suka gama a sutudiyon Pachyderm da ke Minnesota, kan tef yake ɗauka ba kwamfuta ba, yana baza makirfo ko'ina a ɗakin don ganga ta fito da amonta na gaskiya ba kwalliya. Kamfanin da ke fitar da faifan Nirvana bai ji daɗi ba sam, har aka kira wani furodusa Scott Litt ya sake haɗa sautin wasu waƙoƙin saboda rediyo.

Bakinsa da kaifi, a ƙuruciya ya faɗi maganganu marasa daɗi da bazan kare su ba, a 2021 ya fito fili ya amsa laifinsa. Amma a sutudiyonsa Electrical Audio da ya buɗe a 1997, yaran da ba wanda ya sansu ma suna iya kama rana, ya saka kayan aikinsa irin na makanikai ya zauna ya musu aiki da irin kulawar da ya yi wa Nirvana.