Ƙ ma tana da haƙƙin zama a kan kalabiye

Makon jiya na gama haɗa kalabiyena da hannuna, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira kibod, kuma da shi nake buga muku wannan rubutu. Tun da na sa hotonsa ake ta tambayata: me ya kai ka wannan wahala, alhali ga sababbi nan jibge a kasuwar Dole? To bari in amsa gaba ɗaya.

Sana'ata buga takardu ce da fassara daga Faransanci zuwa Hausa: littattafan yaƙi da jahilci, sanarwar rigakafi, wani lokaci rubutun rediyo. Shekara 11 ina wannan aiki a kan AZERTY, wato kalabiye mai jerin haruffan Faransanci, irin wanda ke kowane ofis a Nijar. Ku dubi naku yanzu. Ga é, ga è, ga ç, ga à. Har ù an ware masa gidansa, harafin da a duk Faransanci kalma ɗaya tak ke buƙatarsa, wato où. Amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda ba ka yin jimla biyu da Hausa ba ka ci karo da su ba, ko ɗaya babu. Kullum sai dai in buɗe wata tsohuwar takarda in kwafo harafi in manna, kamar mai aron gishiri a maƙwabta sau ɗari a wuni.

Masu cewa ai ko ba lanƙwasa ana ganewa, ni ban yarda ba. Wata shekara lokacin hunturu na fassara sanarwa kan sanƙarau da ciwon ƙirji, na rubuta a kare yara daga ƙura. Wanda ya sake buga ta a injinsa ba shi da harafin, takarda ta fito tana cewa a kare yara daga kura. Aka liƙa ta haka nan. Ranar ban yi barcin kirki ba, don maganar lafiyar ƴaƴan mutane ce aka mai da abin dariya. Kuma mu da muke Damagaram, da fadar Sarki a tsakiyar Birni, bai kamata a ce sai an koya mana bambancin fada da faɗa ba.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne ranar da na gane kalabiye ba harafi yake aika wa kwamfuta ba. Lambar wurin da ka danna kawai yake aikawa, kwamfuta ce ke fassara ta. Jerin haruffan ma wasu mutane ne suka zauna suka tsara don harshensu. QWERTY, jerin Turanci, ya samo asali daga keken rubutun da Christopher Sholes ya ƙera a Amurka, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874, AZERTY kuwa gyaransa ne aka yi don Faransanci. Tun da ɗan Adam ne ya jera, ɗan Adam na iya sake jerawa.

Na zaɓi ƙarami: layi 4, kowane layi madanni 12, duka 48, maimakon 105 na babban kalabiye. Tsawonsa bai kai tsawon takardar A4 ba, yana shiga jakata tare da littafi. Lambobi da alamomi suna nan, sai dai a ɓoye, ka riƙe madanni ɗaya da babban yatsa su fito a ƙarƙashin yatsunka. Haruffanmu huɗu kuwa ban ɓoye su ba. Na ba kowanne madanninsa na kansa, a fili.

Ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan makunni mai sifirin a ciki, samfurin Cherry MX, wanda ke zama cikin rami mai faɗin milimita 14 kowane gefe. Daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 19.05 ne. Ba ni da injin yanka, don haka na sami fallen alminiyam, na zana ramuka 48 da allura, na huda, na bi kowanne da zarto har ya yi kusurwa huɗu. Wannan kaɗai ya ci mini mako uku, bayan la'asar zuwa magariba. Rami biyu sun yi faɗi, makunnin na rawa a ciki, dole na cike su da gam.

Haɗa wayoyin ne ya fi burge ni, don saƙa ce sak, kamar ta tabarma. Ba kowane makunni ake ja wa wayarsa ba. Waya 4 a kwance, 12 a tsaye, ƙafafu 16 ke nan na Pro Micro, ɗan allon da ke zaman ƙwaƙwalwar kalabiyen, suka ɗauki madannai 48. Kowane makunni ana liƙa masa diyod guda, 1N4148, don kada wuta ta koma baya kwamfuta ta ga harafin da ba ka danna ba. Ni ban taɓa riƙe ƙarfen dalma ba, sai na tafi wurin wani yaro mai gyaran salula a Zango. Ya dubi zanena ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ai wannan bai kai canza bakin caji wuya ba." Da kuran, wato wutar lantarki, ta ɗauke bai tsaya ba, ya jona ƙarfensa a batirin sola muka ci gaba. Da muka gwada, r ta ƙi fitowa. Ya juya allon, ya kai shi kusa da ido, ya nuna mini diyod ɗin da na liƙa a juye, baƙin zobensa na kallon inda bai kamata ba. Minti biyu ya gyara.

Wannan yaron shi ne rabin dalilin rubutuna. Bai gama kwalej ba, amma hannunsa ya san dalma yadda hannun dukawanmu ya san fata. Irinsa suna da yawa daga Zango har Sabon Gari, kullum suna farfaɗo da kayan da wasu suka ƙera. Ba wanda ya taɓa kawo musu zane ya ce mu ƙera namu. Ga Jami'ar André Salifou a garin nan, ga makarantun koyon sana'a. Me zai hana ɗalibi ya ɗauki kalabiyen Hausa, ko na Kanuri, a matsayin aikin kammala karatunsa, ya haɗa kai da mai gyaran salula?

Ba zan ɓoye muku ba, ya fi na kasuwa tsada nesa ba kusa ba, kuma makunnan da allon sai da na yi odarsu daga Sin, suka biyo ta Kano, na jira fiye da wata. Gaskiya ne kuma a salula Gboard, kalabiyen Google, yana da Hausa, a kwamfuta ma ana iya girka tsarin haruffa. Sai dai ni ina aiki a injinan mutane, inda ba a barina in girka komai. Shi ya sa na tsara manhajar QMK da ke cikin allon yadda in na danna ƙ za ta buga U+0199, wato lambar da kwamfuta ta san harafin da ita, ta bi shi da madannan Alt da X, Word kuma ya mai da shi harafin nan take. A Word na Windows wannan na aiki ko'ina na jona. A wajen Word kuwa har yanzu ina fama.

Jakarsa wani dattijo baduku ya ɗinka mini a Birni, da jar fatar akuya, mai marfi saboda ƙura. Da na ce masa, "Baba, na rubutun Hausa ne," sai ya tambaye ni ko yana rubuta ajami. Na ce tukuna. Ya ce in ya fara, in kawo masa ya gani. Tun ranar nake zana inda kowane baƙi da wasali zai zauna a kan madannai 48 ɗin.