A gaban 'yata aka ci mutuncina, kuma babba ne ya yi

Jiya da daddare 'yata mai shekara 11 tana riƙe da wayata tana aikin gida, sai saƙon murya ya shigo daga zauren iyayen yara na makarantarsu. Ta ɗauka malamarsu ce, ta danna.

Ga mafarin abin. Wani uba ne ya tura bidiyon wani yaro da 'yan ajinsu suka zagaye suna yi masa ihu, yana kuka, fuskarsa a fili. Na rubuta: "Don Allah Alhaji, a goge wannan, ɗan wani ne." Iyakar abin da na ce ke nan.

Muryarsa ta cika ɗakin. "Ke wace ce da za ki koya min? Ke kika haife shi? In ba za ki iya gani ba, ƙofa a buɗe take." Ya ja tsaki mai tsawo kafin ya kashe. Sai fuskokin dariya suka biyo baya, na ƙirga bakwai. Iyaye ne fa! Ba wanda ya ce uffan.

Yarinyar ta ɗago ta ce, "Mama, ba shi ne ya tashi ranar taron iyaye yana cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya ba?"

Na rasa bakin magana.

Shekara nawa muna haɗiye irin wannan? Mutum da furfurarsa ya yi ashar a ƙarƙashin hoton wanda bai taɓa gani ba, ya yaɗa ƙarya bai bincika ba, sannan ya ƙwace wayar ɗansa wai tana lalata shi. Barewa ta yi gudu, ana so ɗanta ya yi rarrafe?

Hukumomi kuwa yara kawai suke hange. Facebook da TikTok sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Ostireliya ta yi doka a 2024 ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba buɗe shafi a kafafen sada zumunta. To mai shekara 50 fa, wa zai tsawata masa? Tun 2021 takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa suka nuna yadda abin da ke tunzura mutane ya fi saurin yaɗuwa. An sani, aka zuba ido, mu ma muka zuba, muna danna dariya.

Har yanzu bidiyon yana nan a zauren. Yau da safe yaron ya tafi makaranta, cikin 'ya'yan mutanen da suka yi masa dariya.