Kuna karɓar kuɗinmu kuna fama mana gyambo

Wai shin kamfanin nan da muke biya duk wata don kallon gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ba shi da wani hoto a ajiye sai na wasan ƙarshe na daren 4 ga Afrilun 1983? Da zarar watan Maris ya kama, gasar da ake kira NCAA ta kankama, to kafin wasa sai an sako shi, a hutun rabin lokaci a sako shi, tsakanin talla da talla ma a ƙara. Dereck Whittenburg na Jami'ar NC State ya yi jifa daga nesa, ƙwallo ba ta ko kai ƙarfen kwando ba, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya dankara ta, kocinsu Jim Valvano yana gudu a fili yana neman wanda zai runguma. NC State 54, Houston 52. Babu madannin tsallakewa, kuma ba sa barin ka canza tasha a manhajar sai hoton ya ƙare. Mu magoya bayan Jami'ar Houston da kuɗin guminmu muke sayen wannan cin fuska, kuma tura ta kai bango.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daƙiƙu goma suke yankowa su watsar da sauran labarin. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wasu 'yan koyo aka doke. Ƙungiyarmu ta Houston da ake yi wa kirari da Phi Slama Jama wasa 26 ta ci a jere kafin daren. Kwana biyu kafin nan ta lallasa Louisville 94 da 81 a wasan da har gobe ake labarinsa. A wasan ƙarshen kansa, ɗan wasanmu Clyde Drexler ya tara laifi huɗu tun kafin hutu, aka tafi hutu ana bin mu 33 da 25. Da aka dawo sai yaran suka ci maki 17, NC State na da 2 kacal, muka wuce gaba 42 da 35. A nan ne kocinmu Guy Lewis ya ce a sassauta, a riƙe ƙwallo a ci lokaci, tunda a zamanin babu agogon da ke tilasta jifa a gasar. Ƙungiyar da ƙarfinta gudu da tsalle aka ce ta tsaya. Valvano kuwa ya san lagonmu, ya sa yaransa su riƙa yin laifi da gangan, namu suna zubar da jifan kyauta ɗaya bayan ɗaya. Filin kuma a Albuquerque yake, gari mai tudun da ya haura mita 1,500, har sai da aka ba ɗan wasanmu Hakeem Olajuwon iskar numfashi a benci.

Duk da haka yaron nan da ya taso a Legas yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, ya ci maki 20, ya tsinto ƙwallo 18 daga jikin kwando, aka ba shi kambun gwarzon gasar alhali ƙungiyarsa ce ta sha kaye. Tun daga ranar ba a sake ba wani ɗan wasa daga ɓangaren da aka doke wannan kambu ba. Kun taɓa ganin an sako wannan a tallan nasu? A hotonsu Olajuwon mutum ne kawai da ya tsaya nesa da kwando ana cusa ƙwallo a bayansa. Mu 'yan Najeriya da ke zaune a Houston, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, da yawanmu saboda shi muka fara bin wannan ƙungiya. Dattawanmu da suka zo karatu a shekarun 1980 har yanzu idan aka ɗauko zancen daren, sai ka ji muryarsu ta canza. Shekarar da ta biyo baya ma ya sake kai su wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke mu 84 da 75 a Seattle. Sai a 1994 ya rama a kan Ewing, amma a NBA ne, da rigar Rockets, ba da ta makarantarsa ba.

To a bar zancen talla, a zo ga aikin da aka biya su su yi. Wasannin gasar a warwatse suke a tashoshi huɗu. Ka biya nan, a ce wasan yau yana wancan ƙunshin, sai ka ƙara kuɗi. Ka ƙara, sai hoton ya riƙa zuwa a makare, ihun maƙwabci ya riga talabijin ɗinka sanar da kai abin da ya faru, saƙonnin 'yan'uwa na shigowa waya ana jajanta maka kai kuwa a wurinka ba a ma yi jifan ba. Tallansu kuwa ba ya taɓa makara, ba ya taɓa dushewa. Tsaf yake fitowa.

Daren 7 ga Afrilun 2025 shi ne ya kai ni maƙura. Wasan ƙarshe a San Antonio, cikin jiharmu ta Texas, Houston da Florida. Muna gaba da maki 12 bayan hutu. Tauraronsu Walter Clayton Jr. ko maki ɗaya bai ci ba a rabin farko, haka masu tsaronmu suka ɗaure shi. Kocinmu Kelvin Sampson, dattijo mai shekara 69 a lokacin, da ya karɓi ƙungiyar a 2014 tana kwance ya tashe ta, ya kusa ɗaukar kofinsa na farko. Florida ta yi ta cinye tazarar har ta wuce mu, 65 da 63, saura ƙasa da daƙiƙa 20, ƙwallo a hannunmu. A daidai nan hoton ya daskare, da'irar nan ta fara juyawa a tsakiyar allo. Gidan cike da baƙi, yara a tsaye, kowa na cewa a kashe a kunna. Da ya dawo, takardu masu launi ke zuba daga rufin fili. Shekara 41 ana jiran a sake zuwa wannan mataki, kuma harin da ya yanke hukunci ban gan shi kai tsaye ba.

Amma fa maimaicinsa na gani har na ƙoshi. Ɗan wasanmu Emanuel Sharp ya yi tsalle zai jefa, Clayton ya taso masa, ya saki ƙwallon ƙasa, ya tsaya a kanta ba ya iya taɓawa don kada alƙali ya busa laifin tafiya da ƙwallo, Alex Condon na Florida ya faɗa kanta, lokaci ya ƙare. Ta gaba, ta gefe, ta sama, a hankali, da fuskar yaron cike da allo. A nan intanet ɗin bai yi gardama ko sau ɗaya ba. Wannan Sharp ɗin shi ne kwana biyu kafin nan ya jefa mai maki uku saura kusan rabin minti a wasanmu da Duke, wasan da aka bi mu da 14 muka dawo muka ci 70 da 67. Ba don shi ba da ba mu je wasan ƙarshen ba. Wa ya ba su izinin mayar da rayuwar ɗalibi ta zama daƙiƙu uku na ruɗewa?

Da na kira ofishinsu, bayan doguwar jira ana kaɗa mini kiɗa, wadda ta ɗauka cewa ta yi in duba na'urar intanet ta gidana. Na ce mata a daren duk abin da ke gidan yana aiki sai manhajarsu, kuma ba ni kaɗai ba ne, abokai a unguwanni daban-daban a wuri guda tasu ta tsaya. Ta ce ba a mayar da kuɗi, amma zan iya kallon maimaici kyauta. Maimaici! Abin da nake kuka da shi kenan aka miƙo mini a matsayin diyya.

Ba muna gudun tuna kayenmu ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu ne muka fi kowa lissafin namu. Idan muka haɗu bayan sallar Juma'a ko a wurin suna, da kanmu muke jero su. 1968, da muka doke UCLA a Astrodome 71 da 69 da Elvin Hayes, suka dawo a gasa suka yi mana 101 da 69. 2018, saura daƙiƙu kaɗan muka zubar da jifan kyauta biyu, Jordan Poole na Michigan ya jefa daga can nesa ƙararrawa na bugawa, 64 da 63. 2022, jifa 20 na maki uku ɗaya tak ya shiga, Villanova ta fitar da mu 50 da 44. 2023 ta fi ɗaci a wurina, domin a nan Houston za a yi wasannin ƙarshe, muna cikin ƙungiyoyi huɗu da aka ɗora a saman jadawali tun farkon gasar, Miami ta sallame mu tun zagaye na uku, muka zauna muna kallon baƙi na shagali a garinmu. 2024, Jamal Shead namu ya gurɗe a idon sawu tun rabin farko, Duke ta tsira da 54 da 51. Sau bakwai ƙungiyar nan ta kai matakin huɗun ƙarshe, babu kofi ko ɗaya. Muna faɗin waɗannan da sunayen yaran da abin da kowannensu ya yi mana kafin ranar da ta ɓaci. Kamfanin kuwa fuskar mai kuka kawai yake so, ya manna tallan inshora a gefenta.

Abin da nake nema a wurinsu bai fi ƙarfinsu ba. Su sa madannin tsallake talla ga wanda ya biya cikakken kuɗi. Su faɗa wa mutum tun kafin ya biya waɗanne wasanni ne ba sa cikin ƙunshinsa. Duk daren da manhajarsu ta faɗi a tsakiyar wasa, su mayar da kuɗin watan ba sai an roƙa ba. Na riga na soke rajistata, na kuma rubuta musu dalili. Duk ɗan'uwan da hotonsa ya daskare a daren nan, don Allah kada ya tsaya ga gunaguni a majalisa, ya rubuta musu shi ma, ya nemi kuɗinsa.