A Kaduna balans ake dubawa, a nan Amurka ko balans ɗin ma yana ƙarya

Jiya muna waya da yayana mai shagon yadi a Kasuwar Bacci yake ba ni labarin wani yaro da ya ɗebi shadda ya ce wai ya tura, alat ma har ya shigo waya, Yaya ya ce masa ɗan samari zauna ka sha ruwa tukuna, ya buɗe manhajar banki ya ga balans ko gezau. Yaron ya ce bari ya amsa waya a waje, har yau bai gama amsawa ba. Tun wahalar takardun naira ta 2023 da kowa ya koma tiransifa mutanen Kaduna suka waye, daga mai shayi a Kawo har mai POS a Rigasa ba wanda saƙon tes ke ruɗa yanzu.

To ni abin da nake so 'yan uwa masu tahowa nan su gane shi ne wannan wayon namu na gida ba ya aiki a nan, wallahi. Akwai takarda da ake ce wa moni oda, ana sayenta a gidan waya ko shaguna, kamar cek ce da aka riga aka biya kuɗinta shi ya sa mutane ke yarda da ita. Kana sayar da mota ko kwamfuta a intanet sai wani da ba ka taɓa gani ba ya aiko maka da ita, kuma kuɗin ya fi wanda kuka yi ciniki, sai ya ce ai kuskure ne don Allah maido masa da rarar. Ka kai banki, washegari ka ga kuɗi zaune a asusunka, ka ce Alhamdulillah ka tura masa canjinsa daga guminka. Bankin fa bai tantance ba, doka ce ta sa ya sakar maka kuɗin da wuri, bayan sati biyu ko fiye takarda ta dawo jabu ce, su zare kuɗinsu, kaya sun tafi rara ta tafi.

Ni saura ƙiris a yi min haka a kan tsohuwar motata, abin da ya cece ni shi ne dala 1,850 aka rubuta a jikin moni odar da aka aiko min, alhali ta gidan wayan Amurka ta cikin gida guda ɗaya ba ta wuce dala 1,000. Na ɗaga ta a haske kuma babu hoton Benjamin Franklin ɗin nan, mutumin da ke kan takardar dala 100, da na saba gani ɓoye a jikin ta gaskiya a lokacin.

Yanzu duk wanda ya ce da moni oda zai biya ni sai dai mu haɗu a gidan waya a canza ta a gabana. Da na gaya wa Yaya dariya ya yi ta yi, wai ashe Turawan ma ana yi musu sakiyar da ba ruwa, ya ce in bar shi da balans ɗinsa.