Murjanin cikin gilashi: kyauta ce, amma ba kowane teku zai karɓa ba

Jama'ar Damagaram, na san wani zai ce ina ruwan mai tsaron famfo da tsakar dare da zancen teku. Ku dai yi haƙuri ku karanta: magana ce kan murjanin da ake kiwo a gida, wanda wasu ke son a mayar teku.

Murjanin da ake magana dangin wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ne, kuma dabba ce mai rai. Ƙananan halittu ne da ke gina gidan dutse a ƙarƙashin ruwa, a jikinsu akwai ƙwayoyin gansakuka masu ciyar da su daga hasken rana. Ruwa na yin zafi sai su kori gansakukar, su yi fari fat, yunwa ta ƙarasa su. Filin da suka mamaye bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 na halittun teku nan suke fakewa.

A Turai da Amurka akwai masu kiwon murjani a falo, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri da fitila da injin da ba a kashewa (a nan kam ɗaukewar wuta ɗaya ta isa a yi zaman makoki). Yana girma su yanki reshe su dasa, har ya yi musu yawa, shi ne wasu ke cewa a karɓa a mayar teku. Allah Ya saka musu. Amma ni ban yarda a kwasa a zuba don niyya ta yi kyau ba.

Yawancin murjanin gidaje asalinsa tekun Indonesiya da Ostireliya ne, wanda ke mutuwa a gaɓar Florida ta Amurka kuwa wani iri ne dabam. Cikin akwati an gwamutsa na ko'ina, wa ya san cutar da wani ya shafa wa wani? Kifin nan mai ƙaya mai dafi da aka fara gani a ruwan Florida a 1985, masana na kyautata zaton masu kiwo ne suka sake shi, yau ya cika tekun Karebiyan yana cinye ƴaƴan kifi. Ga kuma wata matsalar: reshe ɗaya aka yi ta yanka ana rabawa, duk jini ɗaya ne, cuta ɗaya sai ta kwashe su tas.

Mu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Sau nawa aka kawo dashen itatuwa da mota, aka yi biki, rani ya zo ya cinye? Abin da ya mayar da gonakin Matamaye da Magarya kore shi ne manoma sun daina sare tohon gawon da ƙasar ta fitar da kanta, suka yi masa sassabe, suka tsare shi. Tun daga shekarun 1980 zuwa yau, ana ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ɗan ƙasa aka yi wa raino, shi ya sa ya tsaya.

Babbar kyautar masu kiwon nan ita ce gwanintar hannunsu. A 2013 gidan tarihi na Horniman a Landan ya sa murjani ya yi ƙwai cikin akwati, ta hanyar kwaikwayon hasken wata da zafin lokutan shekara, da irin kayan da masu kiwon gida ke saye. A 2019 gidan kifaye na Tampa a Florida ya yi haka da murjanin Atilantika. Da cutar da ta ɓulla kusa da Miami a 2014 ta yi ta cin naman murjani, sai aka ciro masu lafiya aka ba gidajen kifaye da na namun daji amana, kowanne da takardar asalinsa. Irin wannan aikin ne nake goyon baya: mai kiwo ya ba da ilimi da lokaci da kuɗi, masana su zaɓi abin da zai koma ruwa.

Ko hakan ma bai isa ba. A Yulin 2023 an auna zafin ruwa ya haura digiri 38 a wani mashigi a kudancin Florida, dashen shekaru ya mutu, ma'aikata suka yi ta ciro dubban rassa suna gudu da su zuwa akwatunan ruwa a tudu. A Afrilun 2024 aka sanar da cewa murjanin duniya ya shiga yin fari karo na huɗu. Mai reshe ya kawo nasa, an gode. Ƙasashen da hayaƙin masana'antunsu ya dafa ruwan su nake jira in ji nawa za su rage.