Biro mai naɗewa

(Kasuwar Katako, Yamai, watan Afrilu, rana ta take. Mushe ya iso wurin kafinta Bagobiri rungume da kwamfuta. Bafillace na zaune bisa benci yana jiran a ɗinke masa ƙwarya.)

MUSHE: Baba, tebur nike so. Mai naɗewa, marar nauyi, wanda zan saɓa a kafaɗa.

BAGOBIRI: Tsire za ka fara saidawa?

MUSHE: Biro ne, wato ofis. Tun korona ta 2020 masu kamfaninmu a Faransa suka ce kowa ya yi aiki daga inda yake.

BAGOBIRI: To ka zauna ɗakinka mana.

MUSHE: Ɗakina akwai kuran, wato lantarki, babu rezon waya. Gindin bedi akwai rezo, babu kuran. Wurin mai shayi akwai duka biyun, amma sai na sha kofi uku yake bari in jona caji.

BAFILLACE: Ashe kiwo kake, yaro. Inda ruwa babu ciyawa, inda ciyawa babu ruwa.

MUSHE: Haba Kawu! Taro fa nike da Turawa ta Zoom.

BAFILLACE: Suna ganinka?

MUSHE: Daga ƙirji zuwa sama.

BAGOBIRI: Shi ya sa kwat a sama, gajeren wando a ƙasa! Ni na zaci 'yan fashi suka tare ka a Gadar Kennedy.

MUSHE: Ka dai auna. Fuskar kwamfuta ta zo daidai idona, kada wuya ya ƙage. Ka huda wurin waya, ka yi aljihun batir. A sa laima, don in zafi ya kai 45 na'urar suma take.

BAGOBIRI: Ita ma Baturiya ce ke nan. Sai mi?

MUSHE: Allo a bayana, a zana littattafai.

BAGOBIRI: Waɗanne ka karanta?

MUSHE: Ba don karatu ba, don ɓoye akuyar maƙwabta. Shekaranjiya ana tsakiyar taro ta leƙo ta yi kuka. Shugaba ya ce shawara ce mai kyau, a rubuta.

BAFILLACE: Nawa suke biyanta? Ina da arba'in, duk sun fi ta murya.

BAGOBIRI: Kai Bafillace, ka bar ni in ci kasuwa. Mushe, jikka talatin. Ƙafa ɗaya za ta ɗan gajarta.

MUSHE: Don mi?

BAGOBIRI: Fasaha ce. Ƙasar Yamai rairayi ce, teburi mai ƙafa daidai ba ya zama.

BAFILLACE: Katakon ne bai kai ba.

MUSHE: (yana ƙirga kuɗi) Ga jikka ashirin, kafin alƙalami. Yaushe zan zo in ɗauka?

BAGOBIRI: (ya cusa su aljihu, ya fara tattara zarto da guduma) Kada ka wahalar da kanka. Maganarka ta shige ni. Daga yau ni ma daga gida nike aiki.

MUSHE: Madalla. Wace unguwa?

BAGOBIRI: Tsibirin Gobir. In ka wuce Maraɗi ka yi ɓatan kai. Zan nuna maka teburin ta WhatsApp, daga ƙirji zuwa sama.