Yawan ambaton suna ba shi ne tasiri ba

Ɗalibai da dama kan buɗe jerin manazarta a ƙarshen littafin masani, su ƙirga sunan da ya fi fitowa, su ce ai wannan ne ya yi wa marubucin tasiri. Kuskure ne. Sau da yawa wanda aka fi ambata shi ne wanda ake yi wa raddi, domin ba a rushe hujjar mutum sai an kawo ta shafi bayan shafi. Wasu sunayen kuma masu tantance littafin ne suka nemi a ƙara kafin bugu.

Mai neman tasiri na gaske ya fara da gabatarwa da shafin godiya, sannan ya duba irin tambayar da littafin ya taso da ita da hanyar binciken. Misali, Thomas Kuhn, masanin tarihi da falsafar kimiyya, a littafinsa na 1962 kan juyin kimiyya, cikin gabatarwa ya yaba aikin da Ludwik Fleck, wani likita ɗan ƙasar Poland, ya wallafa a 1935, ya ce Fleck ya riga shi kawo da dama daga cikin ra'ayoyin da shi Kuhn ya zo da su.

Ko abin da marubuci ya faɗa bayan shekaru yana bukatar tantancewa, don tunawa kan gyara labari. A gwada shi da bugun farko da wasiƙunsa na lokacin.